Laifin Ƙafa Ko Laifin Daɓe? Waiwaye Kan Faɗuwar Ma'aikata a Wurin Aiki

A wani ofis da na taɓa yin aiki a Kaduna muna da masinja, dattijo mai furfura a gemu, kowa Baba yake ce masa. Wata safiyar Litinin cikin damina, mai shara ta gama goge baranda, tayil ɗin nan fari mai ƙyalli da aka shimfiɗa mana a madadin tsohon daɓen siminti. Sai ga Baba ya fito rungume da fayil-fayil har haɓa, silifas ɗinsa ya sha tafiya har ƙasansa ya yi sumul. Taku uku ya yi lafiya. A na huɗu ƙafar dama ta yi gaba ta bar shi, ya tafi da baya, ya kai hannu zai dafa ƙasa. Har cikin ofis muka ji ƙarar.

Abin kunya, dariya muka fara yi. Sai da muka ga hannun ya karkace daga wuyansa sannan aka shiga "sannu Baba, sannu." Shugaban sashenmu ya leƙo ya ce, "Haba Baba, ai sai ka riƙa duba gabanka." Shi kuwa yana tallabe da hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Muka yi karo-karo aka kai shi gidan mai ɗori. Wata biyu bai zo aiki ba. Ba a rubuta komai a ko'ina ba, washegari kuma aka sake goge barandar da ruwan omo a daidai lokacin da aka saba, wato lokacin da kowa ke shigowa.

Maganganun nan biyu, "duba gabanka" da "tsautsayi ne", ba a ofishinmu aka fara yin su ba. Su ne amsar da kotuna da masu masana'antu suka daɗe suna bai wa ma'aikacin da ya faɗi. An kwashe shekara fiye da ɗari ana ja-in-ja kafin a yarda a ɗauke ido daga ƙafar wanda ya faɗi a dubi abin da ya taka.

Tun kafin zuwan inji

Mutanen da sun san cewa mai gini yana da alhaki. A Attaura an umarci wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufinsa da katanga, don kada jinin wanda ya faɗo ya hau kansa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani ga kwana a kan soron da ba shi da kariya, kuma kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Maginan ƙasar Hausa ma da nasu dabarun. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an yi yaɓe an gyara indararo, rawanin da ke kewaye da rufin yana tare mai aiki, zankwayen da muke gani kamar ado kuwa magina kan ɗaura musu igiya su hau. Sai dai idan yaron magini ya faɗo, abin da maigidansa zai yi masa alheri ne: ya kai shi wurin ɗori, ya aika da hatsi gidansu. In ya yi, a gode masa. In bai yi ba, babu inda za a kai ƙara.

Lokacin da doka ta goyi bayan maigida

A Ingila, inda masana'antun zamani suka fara bunƙasa, shari'ar da ta kafa tubali ta wani yaron mahauci ce mai suna Priestley. Maigidansa Fowler ya aike shi a keken doki da aka yi wa lodin nama fiye da kima. Keken ya karye a hanya, yaron ya faɗo, cinyarsa ta karye. Kotun farko ta ba shi fam 100, amma a 1837 babbar kotu ta soke hukuncin. Alƙali Abinger ya kafa hujja da cewa in aka buɗe wannan ƙofa, gobe bara zai kai ubangidansa ƙara don mai gyaran ɗaki ta shimfiɗa masa zane mai danshi.

Daga nan masu masana'antu suka samu garkuwa uku. Idan abokin aikinka ne ya zubar da man da ka taka, laifinsa ne, ba na kamfani ba. Idan kana da hannu ko kaɗan a faɗuwarka, ko da waiwaye ka yi, ba ka da ko kwabo. Idan kuma ka san wurin yana da santsi ka ci gaba da zuwa aiki, to ka yarda da haɗarin ke nan, kamar talaka mai iyali yana da zaɓin ƙin zuwa. Da wuya a sami faɗuwar da ɗaya daga cikin ukun nan ba ta rufe ta ba. Dokar masana'antu ta 1833 ta naɗa sufetoci, amma su huɗu ne kacal ga ƙasar baki ɗaya, kuma hankalinsu yana kan aikin ƙananan yara. Ta 1844 ta zo da maganar killace injuna. Injin da ke cinye hannu abin tsoro ne da kowa ke gani. Daɓe mai maiƙo kuwa babu wanda ya ɗauke shi abokin gaba.

Sauyin farko daga Jamus ya zo. A 1884 gwamnatin Bismarck, wadda ke neman kwantar da ƙungiyoyin ma'aikata, ta kafa inshorar haɗarin aiki: masu kamfani su zuba kuɗi a asusu, wanda ya ji rauni a biya shi ba tare da ya tabbatar da laifin kowa ba. Birtaniya ta bi sahu a 1897, sai dai da rowa. Dokarta ta shafi jirgin ƙasa da masana'antu da ma'adinai, a fannin gini kuwa sai ginin da tsawonsa ya haura ƙafa 30. Birkilan da ya faɗo daga gini mai ƙafa 29 ya karya baya, doka ba ta san da shi ba. Sai a 1906 aka faɗaɗa ta ta game yawancin ma'aikata.

A Amurka wata lauya, Crystal Eastman, ta bi diddigin mutum 526 da suka mutu a bakin aiki cikin shekara guda, tsakanin 1906 da 1907, a gundumar da birnin Pittsburgh yake. Littafin da ta fitar a 1910 ya nuna cewa akasarin iyalan ba su samu abin kirki ba, asarar a kan zawarawa da marayu ta ƙare. A 1911 jihar Wisconsin ta kafa dokar diyya da ta ɗore, sauran jihohi suka biyo baya. A nan ne lissafi ya juya. Muddin kowace karaya za ta ƙara wa kamfani kuɗin inshora, gyaran matakala ya fi araha. Abin da wa'azi bai yi ba, aljihu ya yi.

Faɗowa daga sama

Faɗuwar da aka fara ɗauka da muhimmanci ita ce mai kisa nan take. A shekarun 1930 masu kwangila a Amurka suna da wani lissafi na rashin imani: duk dala miliyan ɗaya da aka kashe a babban gini, a sa ran gawa ɗaya. Gadar Golden Gate ta San Francisco ta ci kimanin dala miliyan 35. Babban injiniyanta, Joseph Strauss, ya tilasta sa hular kwano, ya kuma sa aka shimfiɗa ƙatuwar raga a ƙarƙashin gadar daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mutum 19 ne suka faɗa cikinta suka tashi da ransu. Ranar 17 ga Fabrairu 1937 wani dandamalin aiki ya ɓalle, ya yaga ragar, mutum 10 suka halaka. Gaba ɗaya mutum 11 aka rasa. Ba a tsira duka ba, amma an nuna wa duniya cewa ana iya yin tanadi tun kafin ƙafa ta goce, maimakon a tsaya ana cewa leburori su yi hankali.

A shekarar ce kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ta fitar da yarjejeniya kan kariyar masu aikin gini. Amurka ta kafa hukumar OSHA da dokar 1970, hukumar kuma ta wajabta kariya ga akasarin masu aikin gini da suka haura ƙafa 6. Ko ɗamarar da ake ɗaura wa mai hawa sai da aka sake mata tunani. Da ɗamarar ƙugu kaɗai ake amfani, sai aka ga idan mutum ya faɗo igiya ta fizge shi, duk nauyin a cikinsa yake sauka, wani ma ya zame ta ƙasa. Daga 1998 Amurka ta haramta ta a wuraren gini, aka koma wadda ke riƙe kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Duk da haka sama ba ta daina kisa ba: cikin ma'aikata 138 da suka mutu a bakin aiki a Birtaniya a shekarar lissafi ta 2023 zuwa 2024, mutum 50 faɗowa suka yi.

Faɗuwar da ake yi wa dariya

Irin ta Baba kuwa, faɗuwa a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ita ce ta sha jira. Dalili ɗaya shi ne ba ta cika zubar da jini ba: targaɗe ne, gocewar ƙashi, karayar wuyan hannu ko ƙugu, ciwon bayan da zai bi mutum har kabari. Wani dalilin kuma tana ba da dariya. Tun zamanin fim marar magana, Charlie Chaplin da takwarorinsa suna zamewa a kan ɓawon ayaba jama'a na ƙyaƙyatawa. Sannan waɗanda ta fi kayarwa masu shara ne, da kuku, da nas-nas, da masu jido a sito, mutanen da muryarsu ba ta kai inda ake yanke shawara.

A 1931 wani jami'in kamfanin inshora, Herbert Heinrich, ya fitar da littafin da ya mamaye tunanin masu kula da lafiyar ma'aikata shekaru da yawa. Ya ce kashi 88 cikin 100 na haɗura daga gangancin ma'aikaci suke, kashi 10 daga yanayin wurin aiki, kashi 2 kuwa babu makawa. Masana daga baya sun soki alƙaluman, amma sun riga sun yi wa masu kamfani daɗi: a manna takardar gargaɗi a bango ya fi sauƙi a kan a fasa daɓe. Heinrich ya bar wani abu mai amfani duk da haka. Ya ce a bayan kowane babban rauni akwai ƙanana 29 da kuma aukuwa 300 da aka sha da ƙyar. Ko lambobin ba su cika daidai ba, ma'anar tana nan. Wurin da ya karya Baba ya riga ya zamar da mu duka, sai dai mu mun dafa bango mun wuce muna cewa tuntuɓe gushin gaba.

Shari'ar Latimer da kamfanin AEC a Ingila ta nuna inda doka ta tsaya a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya malale masana'antar, ya gauraya da man sanyaya injuna da ke bin magudanar daɓe. Da ruwan ya janye sai ya bar maiƙo ko'ina. Kamfanin ya barbaɗa dusar katako har ta ƙare, ba ta game wurin ba. Latimer ya zo aikin dare, yana ƙoƙarin ɗora ganga mai nauyi a kan kura, ya zame a inda dusar ba ta kai ba, gangar ta murƙushe masa idon sawu. A 1953 kotun ƙoli ta lokacin ta ce kamfanin ya yi iyakar abin da mai hankali zai yi, ba dole ne ya rufe masana'anta ba. Latimer ya faɗi a kotu, amma a lura da tambayar da alƙalai suka yi ta juyawa: me maigida ya yi wa daɓen? Shekara 100 kafin nan da wuya a yi wannan tambaya.

Da aka fara auna santsi

Abin da ya kammala juyin shi ne awo. A shekarun 1940 Percy Sigler na hukumar ma'aunai ta Amurka ya ƙera wata na'ura mai lilo, da ɗan guntun dunduniyar takalmi a bakinta. A sake ta ta shafi daɓe ta wuce. Gwargwadon yadda daɓen ya riƙe ta, gwargwadon raguwar tashinta a ɗaya gefen. Birtaniya ta inganta na'urar don gwada kwalta, daga baya ta shigo da ita ofisoshi da asibitoci. A ma'auninsu, daɓen da ya kai maki 36 yana jiƙe shi ne ake ɗauka mai ƙarancin haɗari. Santsi ya tashi daga abin da ake musu a kansa ya zama lamba.

Masu binciken tafiyar ɗan Adam kuma suka gano abubuwa biyu. Zamewa mai kayarwa tana faruwa ne a daidai lokacin da dunduniya ta sauka: idan akwai ruwa ko mai, ko da ɗan kaɗan ne da ido ba ya gani, kuma daɓen ba shi da kaushin da zai huda shi, takalmi ba ya taɓa ƙasa sam, a kan ruwa yake tafiya. Kafin ƙwaƙwalwa ta ba da umarni an riga an kai ƙasa. Na biyu, yatsun ƙafa suna wucewa ne da tazarar santimita ɗaya zuwa biyu kawai daga ƙasa a kowane taku. Tayil ɗaya da ya ɗago, ko wayar kwamfuta da aka ja a tsakar ofis, ya isa. Wanda ya fahimci wannan ya san "duba gabanka" ba magani ba ne, musamman ga mai ɗauke da kaya har haɓa.

Birtaniya ta yi babbar dokar lafiyar wurin aiki a 1974, sannan ƙa'idojin 1992 suka fayyace cewa dole daɓe ya dace da aikin da ake yi a kansa. Da aka fara ƙidaya da kyau sai ga shi wajen kashi uku cikin goma na raunukan da kamfanoni ke kai rahoto a can daga zamewa da tuntuɓe suke, sun fi kowane sanadi yawa. An kuma gwada magani. A wani gwaji da aka yi da ma'aikatan asibitocin gwamnatin Birtaniya 4,553, an bai wa rabi takalma masu riƙe ƙasa, rabi suka ci gaba da nasu. Zamewa ta ragu da kashi 37 cikin 100 a wurin masu sabon takalmi. Mutanen dai su ne, hankalinsu bai ƙaru ba. Abin da ke tsakanin ƙafa da ƙasa aka canja.

Mu kuma fa?

Dokokin nan sun iso Najeriya ta hannun Turawan mulki: dokar diyyar leburori a 1941, ta masana'antu a shekarun 1950, daidai lokacin da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. An sabunta su duka biyun a 1987. Dokar masana'antu ta yi maganar tsaftar daɓe, da magudanar ruwa, da haske, da abin dafawa a matakala, sai dai huruminta masana'anta ne, tarar da ta yanka kuwa hauhawar farashi ta mai da ita kuɗin shan ruwa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar ƙwadago ta duniya mai lamba 155 a 1994. Babban mataki shi ne dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai ɗaukar ma'aikata zai zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci komai. Wanda ya ji rauni ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7. Ba a tambayar laifin wa. Har haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida dokar ta haɗa.

A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, ɗan dakon da ke hawa katako da buhu a ka a Dawanau, da leburan da ke kai kwanon kankare bene na uku a kan tsanin da aka haɗa da ƙusa, da yarinyar da ke wanke-wanke a bayan gidan abinci, babu sunansu a rajistar kowa. In sun faɗi, ko gidan ɗori, ko asibitin ƙashi na Dala in da hali. Mun kuma ƙaro wa kanmu sabon haɗari da kuɗinmu. Daɓen siminti da kakanninmu suka taka yana da kaushi. Yanzu banki da asibiti da sakatariya kowa tayil mai sheƙi yake so, har a matakala da wurin alwala. Da damina ruwan takalma, da hunturu ƙurar da ke kwanciya a kansa kamar hoda, ga ruwan buta a bakin bayi, ga ɗaukewar wuta mutum yana tsakiyar bene. Wasu masu ƙera tayil suna rubuta makin santsinsa a jikin kwali. Mu launi muke tambaya.

Shekarar da Baba ya faɗi, dokar 2010 ta riga ta fara aiki. Babu ko ɗaya a cikinmu, har da ni da nake taƙama da karatu, da ya san akwai kwana 14 da ke ƙirguwa. Ya dawo da hannu a ɗan karkace, buta ma da hagu yake ɗauka, ya kuma sayi takalmin roba mai gurza-gurza da kuɗin aljihunsa.

Bayan kamar wata shida muka yi babban baƙo daga hedikwata. Yana fitowa daga ofishin shugaba, babbar riga tana jan ƙasa, ƙafarsa ta goce a daidai wurin nan. Allah ya taimaka direbansa ya tare shi, hula ce kawai ta faɗi. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce masa ya duba gabansa. Kafin azahar an sayo doguwar tabarmar roba an shimfiɗa daga ƙofa har matakala, an kuma ce wa mai shara daga yau ta riƙa guga bayan an tashi aiki. Baba ne aka aika kasuwa ya sayo tabarmar.